Wasiƙa daga Brisbane zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Umma da su Auta. Ya damina? Allah ya sa shuka ta yi kyau. Mu nan Ostareliya yanzu muke tsakiyar sanyi, don watan Yuli shi ne hunturunsu.

Yaya ta ce hankalin Umma ya tashi da wayata ta ƙi shiga ƙarshen mako. A kwantar mata da hankali, lafiyata ƙalau. Daji muka shiga ni da abokan aikina, can kuwa babu sabis. Kada jin kalmar daji ya tayar muku da hankali. Wannan gandun gwamnati ne, akwai ma'aikata, kuma sai mutum ya yi rajista ya biya kafin ya kafa tanti.

Sunan wurin Lamington, kusan kilomita 110 kudu da Brisbane, a kan duwatsun McPherson da suka raba jihar Queensland da ta New South Wales. Tun 1915 aka keɓe shi. Asalin ƙasar ta mutanen Yugambeh ce, tun kafin zuwan Turawa. Duwatsun kansu ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya yi aiki shekara miliyan 23 da suka wuce, shi ya sa ƙasar take da ƙarfi. Daga garin Canungra ake fara hawa, titi siriri mai kwana-kwana, wani wurin sai mota ɗaya ta tsaya ɗaya ta wuce.

Baba, itatuwan ne suka sa na zauna rubuta wannan wasiƙa maimakon in jira waya. Da rana tsaka, in ka shiga ƙarƙashinsu, ba ka ganin rana. Ƙasa a jiƙe take ko ba a yi ruwa ba, gansakuka ta lulluɓe kowane kututture. Akwai wani dangin ceɗiya da tsuntsu ke yar da irinsa a kan wata bishiya. Sai ya tsiro can sama, ya sako saiwoyi har ƙasa, ya naɗe uwar ɗakinsa har ta mutu ta ruɓe, ya bar rami a tsakiya wanda mutum zai iya shiga ya miƙe tsaye. Can ƙololuwa kuma, inda hazo ba ya rabuwa da dutse, akwai wasu tsofaffin itatuwa da in gangar jikinsu ta mutu sai sabbi su fito daga saiwar, su yi da'ira. Irinsu ya samo asali tun zamanin da Ostareliya take haɗe da Antatika da Amurka ta Kudu. Na daɗe tsaye a gabansu ina tasbihi, ina tuna ku. Da kuna nan, na san sai kun duba ganyen kowace kun tambayi amfaninta.

Tafiyar ƙafa ce mai wahala. Babbar hanyar da ta haɗa ɓangarori biyu na gandun, wato Binna Burra da O'Reilly's, ta haura kilomita 21. Mu wani yanki muka taka muka juyo. Matsattsaku suna hawa takalmi ba ka sani ba, sai ka ga jini a safa. Akwai kaska, akwai kuma wata bishiya mai faffaɗan ganye da ba a taɓawa, don zafin ƙaiƙayinta yakan daɗe a jiki. Ba wanda yake barin hanya. A 1937 jirgin sama ya faɗi a cikin duwatsun nan, ana ta nemansa a wani wuri daban, sai bayan fiye da mako guda wani mazaunin wurin, Bernard O'Reilly, ya kutsa da ƙafa ya tarar da mutum biyu da rai.

Da dare sanyi har ƙashi. A ƙaramin risho na gas muka dafa shinkafa da shayi. Wasu ƙananan dangin kangaru, girmansu kamar ɗan akuya, suna kiwo a gefen tanti ba sa gudun mutum. Na yi sallata da ƙasaru, alƙibla a nan yamma take, kuma abokan tafiyata sukan yi shiru har in sallame.

A hanyar dawowa muka zaga ta kwarin kogin Condamine, kusa da garin Killarney, inda hanyar ƙasa ke ƙetare kogin sau 14. Sai mota mai fowil. Mai motar yakan tsaya ya duba zurfin ruwa, ya sa ƙaramar giya, ya shiga a hankali ba tare da tsayawa a tsakiya ba. In an yi ruwa sosai hukuma rufe hanyar take yi, kuma ba mai gardama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gobara. Ana ganin irin wannan kurmi ya fi ƙarfin wuta saboda laima, amma a watan Satumbar 2019, bayan fari mai tsanani, wuta ta ci gefen gandun har ta ƙone masaukin Binna Burra da aka buɗe tun 1933.

Shi ya sa nake roƙo, Baba. Yaya ta ce masu gawayi sun sake zuwa taya tsamiyoyin gonar Kaka. Don Allah kada a sayar. In kuɗin taki ne ya matsa, zan ƙara a kan abin da nake turowa ƙarshen wata, a saya da shi.

A gaishe da Umma, a ce zan kira ta ran Juma'a bayan sallar asuba, lokacin mu nan rana ta yi. A gaishe da Kawu da Gwaggo da mutanen masallaci. Auta ya dage da karatu. Ku sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku