Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Vigdis Kujerar Ado Ta Hau

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara maka lafiya.

A taron da ya haɗa mu kwanan baya, bayan na ambaci Vigdis Finnbogadottir cikin shugabannin da nake ganin girmansu, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni me ta tsinana a shekara 16 da ta yi tana shugabancin Iceland, alhali mulki yana hannun firaminista da majalisa, ita kuwa kujerar ado kawai ta hau. Lokaci bai bar ni na amsa ba, kuma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ya dace amsar ma ta fito fili.

Ka yi gaskiya game da tsarin ƙasar, domin shugaban Iceland ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya kuma tafiyar da ma'aikatu. Inda muka rabu shi ne ɗaukar da ka yi cewa wanda ba ya riƙe da baitulmali ba ya riƙe da komai.

Mu fara da yadda ta hau kujerar. An haife ta a Reykjavik, babban birnin ƙasar, a 1930, ta yi karatu a Faransa, ta koyar da Faransanci har a talabijin, sannan ta jagoranci kamfanin wasan kwaikwayo na birnin daga 1972 zuwa 1980. (Mutanen ƙasar da sunan yanka suke kiran kowa, Finnbogadottir na nufin 'yar Finnbogi.) A ranar 24 ga Oktoba 1975 kusan kashi 90 cikin ɗari na matan ƙasar suka ajiye aiki, na ofis da na gida, har maza suka riƙa zuwa wurin aiki da 'ya'yansu. Bayan shekara biyar ta tsaya takara da maza uku, tana bazawara mai riƙon 'ya ɗaya, ta ci da kashi 33.8 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninta da na biyu ba ta kai kashi 2 ba. Ita ce mace ta farko a duniya da talakawa suka zaɓa da ƙuri'arsu ta zama shugabar ƙasa. Da aka sake gwadawa a 1988 ta samu sama da kashi 90, a 1984 da 1992 kuwa ba wanda ya fito ya kara da ita. Mutum ba ya tashi daga kashi ɗaya cikin uku ya kai nan da zaman ado.

Akwai kuma iko guda na gaske da tsarin mulki ya ba ta: idan ta ƙi sa wa doka hannu, sai a mayar da maganar ga ƙuri'ar raba gardama. A 1985, ranar da mata ke cika shekara goma da yajin nan, aka kawo mata dokar karya yajin aikin ma'aikatan da ke kula da fasinjoji a jirgin sama, ta jinkirta na wasu sa'o'i kafin ta sa hannu. A 1993 dubban mutane suka roƙe ta da ta ƙi amincewa da yarjejeniyar shiga kasuwar bai ɗaya ta Turai, ita kuwa ta sa hannu, don kada a jefa kujerar cikin rikicin jam'iyyu. Idan a nan za ka zarge ta, zan saurare ka, domin ni ma na daɗe ina juya maganar, kuma magajinta Olafur Ragnar Grimsson ya yi amfani da wannan iko a 2004. Sai dai a ganina, mai takobi a kube da ya san dalilin da ya hana shi zarewa ba a kiransa maras makami.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne inda ta karkatar da hankalin jama'arta. Iceland ƙasa ce da sare itace da kiwon tumaki suka bar ta kusan tsirara, iska na kwashe ƙasar noma. Sai ta mayar da dashen itace al'ada, garin da ta ziyarta takan dasa itace uku tare da yara: ɗaya na maza, ɗaya na mata, ɗaya na waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Haka ta yi wa harshe. Sa'ad da aka zaɓe ta mutanen ƙasar ba su kai 250,000 ba, amma sun ƙi barin harshensu ya narke, har kwamfuta ma sun raɗa mata sunansu, "tölva", daga kalmarsu ta lamba da ta mace mai duba. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, amma ta ɗora martabar kujerarta a kanta, tana nanata ta a jawabanta. Bayan ta sauka a 1996, hukumar UNESCO ta naɗa ta jakadiyar harsuna a 1998, kuma a 2017 Jami'ar Iceland ta buɗe gidan nazarin harsunan duniya mai ɗauke da sunanta. Wannan shi ya sa na kawo sunanta a gabanku ranar nan.

Na gode da tambayar, Malam. A gaida iyali.

Wassalam.