Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Masu Rediyon Oba-oba

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Mafi yawan lokacin kwamiti da kuɗin asusu a bana sun tafi ne a kan rifita, na'urar da ke karɓar muryar ƙaramin rediyon hannu ta sake watsa ta da ƙarfi. Tana aiki a zangon mita 2, tsakanin 144 da 146 MHz, kuma tana saurare ne 600 kHz ƙasa da inda take fitarwa. Duk wanda rediyonsa ya kasa buɗe ta, ya duba wannan tazara, sannan ya duba sautin CTCSS, wato siririn sautin da rediyo ke aikawa don rifita ta buɗe, wanda muka bari a 88.5 Hz.

Ɗaukewar da rifitar ta riƙa yi kafin asuba a damina daga batir ne. Ga lissafin: tana jan kusan amfiya 0.6 idan tana jira, kusan 7 idan tana watsawa da wat 25. In aka yi hirar awa biyu a rana, an sha kimanin 27Ah ke nan (Ah shi ne ma'aunin cajin batir, amfiya sau awa). Batirin ruwa mai 100Ah rabinsa kawai ake iya sha ba tare da an lalata shi ba, don haka hadarin kwana biyu ya isa ya durƙusar da shi. Ga kuma zafi: akwatin ƙarfe a kan rufi yana dafa batir, kuma duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. An sauya shi da batirin lithium nau'in LiFePO4 mai 100Ah, an saita na'urar caji a bolt 14.4, an sauko da akwatin cikin inuwa. Kada kowa ya yi masa cajin daidaitawa, wato cajin bolt mai yawa irin na batirin ruwa. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge farantin sola duk mako, don ƙura na rage caji sosai.

An cire kebul RG-58 mai tsawon mita 30, wanda ke cinye wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin kafin ya kai eriya, aka sa RG-213 mai kauri, wanda bai kai shi cin ƙarfi ba. An naɗe mahaɗar da tef mai hana ruwa, an kuma kafa sandar ƙasa saboda tsawa.

Batun lasisi, an ci gaba da darasin masu shirin nema. Alamar kira, wato lambar shaidar mai lasisi a iska, ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U. Samun rediyon hannu na Baofeng a kasuwa da arha ba izinin watsawa ba ne, kuma rediyon yana iya shiga mitocin da ba namu ba, har da na jami'an tsaro. Marar lasisi ya saurara kawai.

Inda kwamiti bai gamsu ba shi ne sirri. Duk mai rediyo yana jin abin da aka faɗa a rifita, kuma ƙa'idar wannan fanni ba ta yarda a ɓoye ma'anar magana ba. Amma har yanzu ana jin masu faɗin lambar waya, da ranar tafiya, da hanyar da za su bi. A halin tsaron da ake ciki wannan ganganci ne. APRS, tsarin aika gajerun bayanai ta rediyo, wanda ke 144.800 MHz, yana aika inda kake, shafin aprs.fi kuma ya nuna wa duniya, har da tarihin zirga-zirgarka. Manhajar APRS ta wayar salula ma haka take yi da GPS ɗin wayar. A kashe APRS kafin a iso unguwa, a rufe wa manhajar izinin ganin wuri idan ba a amfani da ita, a kuma cire adireshin gida daga QRZ.com, shafin da ake duba bayanan masu alamar kira.

Ranar 18 ga Afrilu, ranar masu wannan sha'awa ta duniya, za a yi gwajin eriya a fili. Mai na'urar auna SWR, wato dacewar eriya da rediyo, ya taho da ita, wanda kuma bai biya kuɗin shekara ba ya ga ma'aji kafin ranar.