Sarauta daban, mulki daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu rubuta labarai su daina cewa dagaci "ya karɓi mulki" ranar da aka naɗa masa rawani. Sarauta aka ba shi. Mulki kuwa, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, yana hannun ƙaramar hukuma.

Iko shi ne abin da doka ta yarje wa mutum, hurumi kuma iyakarsa. A ƙauyukan Ringim dagaci yana sulhunta rikicin iyakar gona, yana shaida cinikinta, amma yanke hukunci kan mallakarta hurumin alƙali ne. Manomin da ya ɗauki sulhu a matsayin hukunci yakan zuba taki, ya yi shuka, gero ya fara bunni, sannan sammaci ya iske shi a gona.

Wassalam,
Mai karatu daga Ringim, Jigawa