Malam Aminu Kano ba sunan filin jirgi ba ne kawai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina. Ran nan na tambayi jikana, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ko ya san Malam Aminu Kano. Sai ya ce mini, "Kaka, asibitin ko filin jirgin?" Na yi dariya a gabansa, amma daren nan barci ya ƙaurace mini.

Ni ɗan gidan NEPU ne, jam'iyyar talakawa ta zamanin Turawa da Jamhuriya ta Farko. Mahaifina tela ne, kekensa ɗaya tak, kuma a zaurensa ake taron sirri bayan Isha'i. Sau biyu ana tisa ƙeyarsa zuwa gidan yari, laifinsa bai wuce ƙin tuɓe takalmi ya faɗi gaban wani dagaci ba. A wancan zamanin talaka na noma gandun mai sarauta kyauta, ya biya haraji, Bafulatani ya biya jangali, wanda ya ɗaga kai kuma ya sha bulala. Malam, ɗan malamai daga unguwar Sudawa, wanda ya koyar a Bauci da Maru, da ya so da ya zauna a inuwa ya ci daɗi. Sai ya ajiye alli, ya karɓi jagorancin NEPU a 1953, ya koya wa irin su babana cewa "a'a". Har mata ya ce a ba su ilimi da ƙuri'a, lokacin da faɗar haka kan jawo jifa.

A 1979 na jefa ƙuri'ata ta farko, na dangwala wa mabuɗi, alamar PRP, jam'iyyar Malam ta lokacin. PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Na ga tsohona, mutumin da bulala ba ta sa shi kuka ba, yana share hawaye da bakin rawani.

Ba waliyyi nake mayar da shi ba. Akwai abokan babana da har suka koma ga Allah ba su huce da karɓar muƙamin da ya yi a gwamnatin Gowon ba, kuma rikicin santsi da taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta dare, ya raba mu da 'yan uwa na jini. Ni da yayana sai da muka yi shekara biyu ba ma cin tuwo a kwano ɗaya. Amma mutumin da ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya ta tarayya, ya dawo ya zauna a ɗan gidansa na Gwammaja, a nan ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, a nan aka binne shi. Ina cikin cincirindon ranar, takalmina ɗaya ma a can ya salwanta.

Yanzu kowane ɗan takara almajirin Malam ne, daga bakinsa. To, a nuna mana gidajensu mu gwada da Mumbayya, wato gidan nasa na Gwammaja. Roƙona ga hukumomin ilimi na jihohinmu shi ne a riƙa kai 'yan makaranta gidan, su ga ɗakin da ya kwana da idonsu. Ni dai na yi wa jikana alkawari, Asabar mai zuwa za mu hau a-daidaita-sahu mu je.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Kano.