Zuwa ga mutumina na Agege

Assalamu alaikum, Babarbare.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwan Ikko da ba ya ɗaukewa? Na san kana cike da ni. Saƙonka uku na gani ban amsa ko ɗaya ba. Wayata ce ta faɗa kwata tun farkon damina, wadda nake lallaɓawa yanzu sai an ɗaure ta da kyauro take kawo wuta. Shi ya sa na koma gidan jiya, na samu takarda da biro, zan ba yaron motar shanu ya miƙa maka a Abbatuwa. Ka tambaye ni batun filinka na bayan makaranta, zan zo kansa. Bari dai in fara sauke abin da ke cina.

Na ba da jini.

Ka gama dariyar tukuna. E, ni ɗin da ka sani, wanda ya dira ta taga a shekarar sanƙarau, 1996, don kawai ya hango masu allura sun shigo makaranta. Leda guda cur aka ɗiba a hannuna, kuma wadda aka ƙara wa tana nan da ranta, jiya ma ta aiko mana da nono da man shanu.

Ka tuna rasuwar matar Dogo, shekara uku ke nan. Kai ka zo ta'aziyya ka koma, mu muka zauna da abin a zuci. Tun isha'i take zubar da jini, Dogo yana ci-rani, an rasa mai cewa a fita da ita sai an same shi a waya. Da aka same shi babu mota. Da aka samu mota babu mai. Da aka isa asibiti da asuba aka ce a kawo jini, 'yan rakiya kowa ya sunkuyar da kai. Ina cikinsu, ba zan ɓoye maka ba. Bayan sadakar bakwai muka zauna a ƙofar mai unguwa, Inna ungozoma ta leƙo daga zaure ta wanke mu tas. Ta ce da saniyar ɗayanmu ce ta kasa haihuwa, da tuni an san yadda aka yi. Babu wanda ya iya ɗaga ido.

Daga nan muka kafa asusu. Kowane gida naira ɗari biyu a mako, wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero da kaka. Ni aka ɗora wa littafi, wai don ni ne malamin makaranta, kamar lissafin 'yan aji huɗu ɗaya yake da bin dattawa bashi. Dabarar mota kuwa kwaikwaya muka yi. Direbobin tasha na ƙungiyar NURTW sun daɗe suna ɗaukar masu naƙuda a ƙauyukan Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ga kuma shirin Haihuwa Lafiya da ka sha ji a rediyo. Muka samu direbobi biyu suka amince ko ƙarfe nawa ne a buga musu ƙofa, kuɗin mai kawai za a ba su. Jarka guda kullum tana cike a ɗakin mai unguwa, an kulle, don ka san yaranmu da babura.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne izini. Sai da Liman ya yi Juma'a biyu yana magana a kai, sannan magidanta suka fara faɗa a gaban shaidu cewa ko ba sa gari, in iyali ta shiga hali a fita da ita, ba sai an jira su ba. Su Inna kuma suka bi gida gida suna koya wa mata alamomin da ba a zama da su: zubar jini, jijjiga, naƙudar da ta wuni ta kwana, mabiyiya ta ƙi faɗowa, zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Har waƙa suka yi musu da tafi. Ƙaramar 'yata ta haddace, ranar nan tana rerawa a gaban surukina, na rasa inda zan sa kaina.

Af, kafin in manta, Alhajin shago ya ƙara aure. Ta uku. Wai wannan karon don ta taya shi lissafi ne. Uwargida ta ce ai sai ya sayi kalkuleta, ta fi arha. Gari ya kwana uku ba a maganar komai sai wannan.

To, rigimar da na so ka ji ita ce ta ruga. Da muka zo rubuta gidaje, na kawo maganar a sa Fulanin da ke hayin fadama. Wurin ya kaure. Ka san a shekarar shanunsu suka shiga waken Gajere, har aka je gaban dagaci. Gajere ya miƙe ya ce in aka sa su shi ya fita. Wasu suka ce ai baƙi ne, gobe su tashi. Baƙin da kakanninsu ke kwance a maƙabarta ɗaya da namu! Na san kai Babarbare za ka ce da ma bayinku ne, a bar muku su, amma ka yi shiru, dattawa na magana. Gaskiyar ita ce duk yankin nan ba wanda ya kai matan ruga nisa da asibiti. Ga kunya, yarinya tana cikin fari ba za ta ce uffan ba ko da ciwo zai kashe ta. Ga Hausar wasu ba ta nuna ba, in sun je awo ba a fahimce su. Liman ne ya kashe bakin kowa da ayar nan ta Suratul Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ya ce bai ga inda aka ce sai ran manomi ba. Aka sa su. Arɗo bai ce komai ba, ranar Alhamis ya tura bunsuru Maigatari aka sayar, ya kawo kuɗin duka ya zube a gaban mai unguwa, ya ce na shekara ne.

Daren da abin ya faru, tsakiyar Agusta ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ana dukan ƙyaure. Ɗan Arɗo ne, jiƙe sharkaf, ya yar da babur a hayi ya ratso ruwa da ƙafa. Matar ƙanensa ta haihu tun magariba, mabiyiya ba ta fito ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. Ka san tun ambaliyar 2022 hanyar fadama ba ta koma daidai ba, mota ba ta shiga. Sai a amalanke aka ɗauko ta, an shimfiɗa tabarma, an rufa mata ledar taki, Inna tana gefe da tocila a baki tana murza mata mara, jaririn a cikin zanen kakarsa. Shanun da suka ja amalanken, ka san na wa ne? Na Gajere. Shi da kansa ya riƙe igiya, ruwa har gwiwa, yana ta yi wa bijiman faɗa kamar su suka yi laifi. Ban ce masa komai ba har yau, shi ma bai ce ba.

A bakin kwalta muka tarar da Baba Direba ya riga ya juye jarka a Golf ɗinsa, ya kunna wuta yana jira. Mu uku masu ba da jini muka matse a gaba. A asibiti aka gwada, na ɗaya bai dace ba, na biyu aka ce shi kansa jinin bai ishe shi ba, ya rage saura ni. Wallahi na duba taga. Ma'aikaciyar ta ce in kwanta in kalli bango, ledar ba ta kai rabin lita ba, jiki zai mayar da abinsa. Na kalli bango na karanta duk abin da na haddace. Da aka gama na miƙe da ƙarfina don Baba Direba ya gani, sai na farka na gan ni a ƙasa ana yi mini fifita da katin awo. In ka kuskura ka ba 'yan majalisarku wannan labari, filinka na sayar.

Wata ma'aikaciya a can ta gaya mana cewa a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin duk mata huɗu da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Na yi ta juya maganar a hanyar dawowa. Da can ina ɗauka irin wannan lissafi na mutanen ofis ne, sai na tuna mu kaɗai a unguwarmu mun binne uku a shekara biyar. Waɗanda suka tsira kuma wasu da yoyon fitsari suka tashi. Ka tuna yarinyar gidan Wanzam da mijinta ya saka saboda haka? Asusun nan ne ya biya mata mota zuwa Jahun, inda ake yin aikin kyauta, ta dawo garau, yanzu ita ce ke raba maganin zazzaɓin damina na yara, wanda ake bi gida gida ana bayarwa duk wata daga Yuli zuwa Oktoba. Har ruga take zuwa, da tef ɗin awon damtsen yara a jaka, in ya nuna ja ta ce a kai yaro wajen masu tamowa. Tsohon mijin yana ta aike, ta ce tana aiki.

Yanzu ga damuwata. Littafi ba ya ƙarya, asusu ya rame. Lokacin da muka yanka ɗari biyu, litar mai ba ta kai ɗari biyu ba. Tun da aka cire tallafi a 2023 kai ma ka san inda ta kai. Tafiya ɗaya yanzu tana cinye abin da gida ashirin suka tara. Wasu sun ce a ƙara kuɗi, wanda bai biya ba a cire sunansa. To wa za a cire? Zawarawa, da gidan makafin nan na bakin kasuwa, da iyalin tsohon nan mai larurar kuturta da ba mai shiga gidansa. Su ne ba sa iya biya, su ne kuma in abu ya same su ba su da wanda za su kira. Matan adashi sun ɗauki nauyin gida biyar, Allah ya saka musu, amma ba za su iya ɗauke duka ba. Ga tayoyin Baba Direba sun zama kamar tafin hannu, daren nan sau biyu motar tana zamewa, ina salati yana dariya.

Shi ne na ce ko za ka taɓa 'yan garinmu na nan a taronku na wata. Ba na son a turo kuɗi a hannuna, ka san bakin mutane. Taya huɗu, ko na hannu ne masu kyau, ku ɗoro a motar shanu in za ta dawo. In kuma an samu mai zuciya ya ɗauki kuɗin gida ɗaya na shekara, zan rubuta sunansa a littafi in karanta a gaban jama'a. Kai dai na riga na rubuta naka, gidan makafi na ba ka, kada ka ba ni kunya.

Sunan jaririn an yi shi a ruga, mun je mu goma sha, an cika mu da fura har Gajere ya kasa hawa babur. Arɗo yana gaishe ka, ya ce in gaya maka har yanzu yana jiran kuɗin goron da kakanka ya ci bashi.

Yaron mota yana ta danna oda a waje. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa babban ya daina turo mini hotuna, wayar ba ta buɗewa. Inna ta ce a tuna maka man zafin nan na ƙafa.

Naka,
Malam mai littafi