Nikotin da ciwon daji: a daina ɗora wa nikotin laifin hayaƙin sigari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara kan wata magana da ta yaɗu, cewa wai nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, shi ne ke haddasa ciwon daji a jikin mashaya sigari.

Shekara 22 na yi ina shan sigari. Da na tashi dainawa, likita ya ɗora ni kan cingam ɗin nikotin na wata uku, Allah Ya taimake ni na rabu da ita. Ƙanina, da yake shan kwali guda a rana, na ba shi irin cingam ɗin ya ƙi karɓa, ya ce shi ba zai tauna ciwon daji da bakinsa ba. Yana faɗin haka da karan sigari a hannu!

Nikotin shi ne mai kama mutum ya hana shi dainawa. Amma ɓarnar tana cikin hayaƙi, wanda ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, wato ciwon daji. Tun 1976 likitan nan Michael Russell na Ingila ya ce mutane na shan sigari don nikotin, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce ke kashe su. Hukumar binciken ciwon daji ta IARC da ke Faransa ba ta sa nikotin cikin jerin masu haddasa kansa ba, kuma a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cingam ɗin nikotin da na mannawa a fata cikin jerin muhimman magungunanta.

Ban zo wanke nikotin tas ba. A gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye da ƙwayoyin halitta, an ga yana taimaka wa ƙari ya tsiro da sababbin jijiyoyin jini, yana kuma hana lalatattun ƙwayoyi mutuwa. Wato ko bai kunna wutar ba, yana iya hura wadda ta riga ta kama. Sannan lokacin da ake busar da ganyen taba, wani ɓangare na nikotin ɗin kan rikiɗe ya zama wasu sinadarai da ake kira NNK da NNN, su kuwa masu haddasa kansa ne. Suna cikin dalilan da suka sa tabar taunawa ke jawo kansar baki ko da babu hayaƙi. Rahoton babban likitan Amurka na 2014 cewa ya yi hujjar ba ta isa a yanke hukunci kan nikotin shi kaɗai ba. Nikotin kuma yana ƙara bugun zuciya, yana cutar da ɗan tayi da ƙwaƙwalwar matasa, don haka wanda bai taɓa sha ba kada ya kusance shi.

Ina roƙon jaridarku ta nemi likitan huhu ya yi bayanin wannan bambanci a shafinku na lafiya. Ƙanina ba ya jin maganata, amma ba ya wuce wannan shafi.

Naku,
Wani tsohon mashayin sigari