Tsofaffin kwamfutocinmu na Legas na neman masu aikin gayya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, musamman matasan da ke taɓa kwamfuta, ko don sana'a ko don karatu.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, amma a Agege nake kwana. Teburina bai fi faɗin dardumar salla ba, yana ƙarƙashin matakalar wani bene, kuma kusan duk abin da ke sauka a kansa tokumbo ne. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, in ban da wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, tambaya ɗaya ake ta yi mini: "Injiniya, wai tawa ta mutu ke nan?" Windows 11 ba ta yarda da kowace na'ura ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, in kuma injin Intel ne, galibi sai zubi na takwas zuwa sama. Mafi yawan kwamfutocin da talakanmu ke iya saye sun girmi wannan. Lafiyarsu ƙalau, allo garau, maɓallai ba wanda ya fita, amma mai shago zai ce maka ta tsufa, ka kawo kuɗi ka ɗauki wata. Da wane kuɗin, a wannan farashin dala?

Akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar tun 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Masu magana da Turanci na shan wahalar bayanin wannan domin kalma ɗaya suke da ita ga kyauta da 'yanci. Mu kam kowace da sunanta, kuma duka biyun ake samu. Wanda ke riƙe da wayar Android ya daɗe yana yawo da Linux a aljihunsa bai sani ba. Tun 2017 kuma, manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya duk da ita suke aiki. In dattijo ya tambaye ni su wane ne suka yi ta, sai in ce masa aikin gayya ne irin na gona, sai dai masu gayyar suna ƙasashe daban-daban, wasu don Allah suke yi, wasu kamfanoni ke biyansu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mun taɓa gwada yaɗa ta a tsakanin mutanenmu, muka sha ƙasa, kuma laifinmu ne. Mu biyar ne. Muka kama ɗakin taro, muka buga ƙyalle mai hoton tsuntsun nan alamar Linux, muka sayi lemo. Jama'a sun zo, ba laifi. Wani abokinmu ya yi awa guda yana jawabi da Turanci kan 'yancin manhaja, dattawa na gyangyaɗi, ana cikin haka aka ɗauke wuta. A gurguje muka sa wa mutum tara, kowa a cikinmu da irin Linux ɗin da ya fi so: wannan Ubuntu, wancan Fedora, wani ma har da Arch, don a san ya iya. Bayan mako biyu, bakwai daga cikinsu sun koma kan jabun Windows. Ɗaya firintarsa ce ta ƙi aiki, ɗaya ya rasa inda zai danna ya haɗa da intanet, kuma ba wanda ya bar musu lambar da za su kira.

Wanda ya fi ci mini rai ni na yi shi da hannuna. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo tata, na tambaye ta ko akwai abin da take so a ciki, ta ce, "Babu komai, ɗana." Na goge duk abin da ke cikin kwamfutar tas. Washegari ta aiko yaro, wai ina hotunan bikin 'yarta? Ita a ganinta hotuna ba sa cikin "komai", suna nan zaune kamar a akwati. Kwana biyu na yi da wata manhaja mai suna PhotoRec ina tono su, na samo mafi yawa, wasu sun tafi ke nan. Ta ce ta yafe, amma har yau in na hango ta a layinmu sai in ji nauyi. Tun daga ranar ba na taɓa kwamfutar kowa sai na kwashe kayansa a wani faifai, ya gani da idonsa.

Sa Linux a kwamfuta aikin rabin awa ne. Wahalar tana cikin wata gudan da ke biyo baya, lokacin da mutum zai kira ka da daddare ya ce abu kaza ya ɓace. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa ladan muka ci, wato tafi da hotuna, muka gudu. Shi ya sa a wannan karon irin 'yan sa-kai da muke nema daban ne. Ba sai gwani ba. Mai haƙuri muke so, wanda zai iya maimaita abu sau uku bai ɗaure fuska ba.

Kuma kowa a unguwarsa. Wanda ya san Ikko ya san cewa daga Agege zuwa Obalende a danfo tafiyar yini ce in gosulo ya kama, ga kuɗin mota. Mutum biyu a Mile 12, biyu a Idi-Araba, biyu a wajen Alaba, haka dai, sun fi taron mutum ɗari a otal. Mun kuma yi shawara iri ɗaya za mu riƙa sawa, Linux Mint, domin fuskarta ta yi kama da abin da mutane suka saba, tana da zubi mara nauyi na tsofaffin na'urori, kuma in matsala ta taso duk wanda aka kira ya san inda zai duba. Masu son gardamar wadda ta fi wata su bari sai mun haɗu a teburin mai shayi. Nauyin Linux Mint ya kusa giga uku, sau ɗaya za a sauke a riƙa kwafa, kada kowa ya ƙona datarsa. Daɗin abin, tana tashi daga kan filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Mutum ya gwada sauti, kyamara, firinta, intanet, in ta yi masa a sa, in ba ta yi ba ya zare filas ya tafi da abarsa.

Dole kuma mu faɗi gaskiya. Mai shagon buga katin biki da kalanda wanda abincinsa ke kan CorelDraw, kada a yaudare shi, ba ta aiki a kan Linux kai tsaye. Akwai Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, shi kuwa kwastoma ba ya jira. Wanda aikinsa rubutu ne, lissafin shago da bincike a intanet, LibreOffice da Firefox sun ishe shi. Abokan sana'ata da ke tsoron za a kashe musu kasuwa, su kwantar da hankali: manhajar ce kyauta, gumin mai gyara ba kyauta ba ne. A ranar gayya kaɗai muke yi don Allah.

Inda na ga amfanin abin da idona shi ne wata Islamiyya a unguwarmu. Wani Alhaji ya ba su tsofaffin kwamfutoci shida suna ta shan ƙura a ofishin shugaban makaranta. Huɗu sun tashi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma akwai yaranmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da suke kama linzamin kwamfuta. Na ga wata yarinya ta ɗaga shi sama tana nuna allo da shi kamar rimot. Yanzu ita ke koya wa ƙananan. Ranar da na nuna wa malaminsu cewa akwai tsarin maɓallan Hausa a ciki, ya rubuta "ƙasa" da "ɗaki" da "ɓera" da lanƙwasarsu, ya daɗe yana kallon allon yana murmushi.

Mata muke nema ruwa a jallo, Edita. Gidaje da yawa "ba shiga" ne, kuma a cikinsu akwai ɗalibai da masu kasuwanci ta waya da ba za su zo Ikeja ba. Muna neman masu Hausa mai kyau su taimaka da fassara, da masu iya yin gajeren bayani da murya a WhatsApp, domin ba kowa ke jure dogon rubutun boko ba. Limamai da Sarakunan Hausawa na unguwanni, albarkarsu muke roƙo da aron ɗaki.

Duniya na bikin ranar 'yancin manhaja a Asabar ta uku ta watan Satumba kowace shekara, kuma muna so ta same mu da shiri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin nan muna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a ajin Islamiyyar nan ta Agege. Mai sha'awa ya aiko da saƙo ta hannunku, in kun yarda ku isar mana. Ya zo da filas mai giga takwas, da cajarsa, da doguwar wayar wuta in yana da ita. Kuɗin man janareta karo-karo muke yi.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Agege, Legas.